Tokar Murhun Saude

Saude ta rasu ne a farkon damina, ana cikin noman fari, a shekarar da duk inda aka zauna ba a zancen komai sai na Turawa za su tattara su tafi. Mijinta, Malam Gwadabe na Zinyau, bai damu da tafiyar kowa ba sai tata. Ta bar shi a gida shi kaɗai, daga shi sai rumbu, sai ɗakin girki, sai kajinta da ke bin sa da ido duk inda ya juya, kamar suna jira ya faɗa musu inda ta shiga.

Kajin nan suna da asali. Ranar da aka kawo Saude gidan, cikin kayan da uwarta ta haɗo ta da su har da wata kaza mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi, irin wadda ake kira wake-wake. Tun daga kanta zuriyar ba ta yanke ba. A yanka zakaru da salla, a kai wasu kasuwa in ta kama, amma kullum Saude sai ta ware mace guda mai wannan launi ta ce ita ba a taɓa ta. Wadda ke riƙe da wannan matsayi a lokacin, Wake kawai ake ce mata. Babba ce, mai faɗin ƙirji, ga faɗa in tana da 'ya'ya, har shaho ta taɓa kora.

Cikin 'ya'yan da Allah ya ba su guda ce ta rayu, Lubabatu, kuma ita ce ta fari. Saboda kunyar 'yar fari, Saude ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. Tana ƙarama sunanta "ke". Da ta yi aure a Kibiya, ta koma "ta Kibiya". Shi ma Gwadabe haka yake yi. Da labari ya zo cewa yarinyar na da juna biyu, abin da Saude ta yi kawai shi ne ta ƙara wa Wake tsakin dawa. Ta so 'yarta ta zo gida goyon ciki, ta haihu a gabanta kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Zazzaɓi bai bar ta ba.

Ana gobe za ta cika, ta kira shi da hannu.

"Malam, in ta Kibiya ta sauka, ka kai mata Wake. Kada ka aika kowa. Kai za ka kai da hannunka. Ko ba ka ce komai ba, za ta gane."

"Ke dai za ki tashi ki kai abarki."

"To. Na dai faɗa maka."

Matan da suka zo zaman makoki a tsakar gida suka kafa duwatsu suka yi girkinsu da manyan tukwane, don haka murhun da ke ɗakin girki ya tsaya yadda ta bar shi. Ga toka ta cika tsakanin duwatsun, ga guntun itace da ya ci rabi, ga muciya a jingine da bango. Kunu ne abu na ƙarshe da ta dama a wurin. Da mutane suka watse, Gwadabe ya koma cin abinci a zauren yayansa Malam Isiyaku, can ɗaya gefen gari, hayaƙi bai sake tashi a gidansa ba. Amma kowace safiya kafin ya ɗauki fartanya sai ya leƙa ɗakin girkin, ya tsaya jim yana kallon tokar nan. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Shi kansa in ka tambaye shi abin da yake dubawa, ba zai iya faɗa ba.

Wata safiya ya leƙa, sai ya tarar da wata budurwar kaza, 'yar Wake, mai irin launin uwarta, ta shiga tsakiyar murhun ta kwanta. Tana ta birgima, tana watsa toka da fukafukai, ta miƙe ƙafa ɗaya, ta lumshe ido don daɗi.

"Kai! 'Yar banza! Nan ne wurin wasanki?"

Ya jefe ta da takalmi, ta fice da gudu tana kuka. Ya durƙusa ya tattara tokar da tafin hannu, ya mayar da ita tsakanin duwatsun, ya lallaɓa ta ta kwanta. Kashegari ya sake kama ta a ciki. Da ya ga abin ba zai ƙare ba, sai ya samo ƙyauren kara ya rufe ƙofar, ya tokare da turmi.

Ba a daɗe ba kajin suka fara canzawa. Da farko susa ce, kowacce ka gani ta cusa baki cikin gashinta tana tsattsaga. Sannan gashin wuya ya fara zuba, fata ta fito ja. Ƙafafun wasu suka yi kirci, ɓawo kan ɓawo, har tafiya ta zama sai da ɗingishi. Da magariba, maimakon su shiga akurki kamar yadda suka saba, sai su tsaya a bakinsa suna kai da komo, sai ya kora su da kara. Gwadabe ya ɗauka kewar mai su ce ke damun su. Ya ƙara musu dusa, ya ɗebo musu gara daga gona, har dawa ya riƙa ɗiba daga rumbu yana watsa musu, abin da Saude da tana raye ba za ta taɓa yarda ba. Suka ci, amma rama suke yi. Yau ya tsinci ɗaya a mace a bayan rumbu, an jima wata. Sai ya haƙa rami a bayan gida ya binne, ya yi shiru da bakinsa.

Ana cikin haka Wake ta fara kwanci. Ta tara ƙwanta cikin tsohuwar sakaina a kusurwar akurki, ta hau kai ta baje. Wannan ne abin farin ciki na farko da Gwadabe ya gani tun bayan rasuwar. Ya lissafa a ransa, ya ga in Allah ya yarda, kafin a sauka a Kibiya 'yan tsakin sun yi wayo. Ya riƙa hango kansa yana shiga gidan surukai da kwando, uwa da 'ya'yanta, kowa ya ga kyautar Saude ta zo a cike.

Ran nan da hantsi ya zura hannu cikin akurkin don ya gyara mata kaskon ruwa. Da ya zaro hannun sai ya ji wani abu na yi masa tafiya. Ya duba da kyau a rana. Wasu ƙananan ƙwari ne, ba su kai ƙwayar gero ba, wasu jajaye, wasu ruwan ƙasa, sun hau shi har gwiwar hannu. Ya ɗaga Wake, ita da a da sai ta sare shi, yanzu ko motsi ba ta yi ba. Ƙwan duk sun yi ɗigo-ɗigo, ƙwarin na yawo a kansu. Jan naman da ke kanta ya koma fari. Ya ji ta a hannunsa sakayau, kamar damin gashi.

Ya san matan gari sun san maganin wannan. Ko Fulera, matar yayansa, da zai buɗe baki ya tambaya da ta faɗa masa. To amma kiwon kaji a Zinyau aikin mata ne. Ya tuna yadda za a yi da shi a majalisa, dattijo da furfura ya tsaya a bakin zaure yana tambayar mata kwarkwatar kaza. Har ya je gidan da yamma da niyyar magana, ya ci tuwo, ya wanke hannu, ya yi godiya, ya dawo da maganarsa a ciki.

Ranar kasuwar Rano ya saɓa gora ya tafi. Akwai wani taubashinsa a can, Gajere mai kananzir, da ke zama kusa da inda motocin gyaɗa ke tsayawa, da garwa da mazurari da kwalabe a jere.

"A'a! Ga bawana ya fito. Wa ya kwance ka?"

"Kai dai har yau ba ka ƙara ko taƙi ba. In ba don hular nan ba da na taka ka ban sani ba."

Suka yi dariya, suka tafa. Gajere ya gyara fuska ya yi masa ƙarin haƙuri, Gwadabe ya ce da godiya. Ya zauna kan wata garwar da babu komai ciki, yana ta sosa damtse.

"Wannan susa fa? Gwauranci ne ya fara cin ka, ko ƙazuwa ka kwaso?"

Gwadabe ya waiga hagu da dama, ya rage murya, ya faɗa masa.

"Kaji?" in ji Gajere da ƙarfi. "Kai da gemunka?"

"Rufa min asiri, don Allah. Amana ce aka bar min."

Da Gajere ya ji haka sai ya bar dariyar. Ya ɗauko ƙaramar kwalba ya cika, ya toshe da totuwa.

"Ai ga magani a gabanka kana ta wahala. Kananzir ba ya barin ƙwaro. Yaran motar nan da kake gani, da shi suke kashe kuɗin cizo a shimfiɗarsu. Ka shafa mata a ƙirji da ƙarƙashin fukafukai, gobe ka zo ka ba ni labari."

"Ba zai yi mata illa ba?"

"Ni da nake wuni cikinsa, ka ga na mutu?"

"Ai shi ya hana ka tsawo."

Gajere ya ƙi karɓar komai, ya ce sadaka ce ga marigayiya. Da zuciya ɗaya ya bayar, da zuciya ɗaya Gwadabe ya karɓa.

Yana isa gida, ko ruwa bai sha ba, ya ɗauko Wake ya ɗora a cinya. Ya jiƙa tsumma ya goga mata a ƙirji, ya ɗaga fukafukai ya goga. Ya ga ƙwarin na zubowa matattu a kan rigarsa, ransa ya yi fari. Sai ya ga tun da kaɗan ya yi wannan aiki, ai da yawa ya fi. Ya ƙara, ya kuma ƙara, har gashin cikinta ya jiƙe sharkaf. Sannan ya mayar da ita kan ƙwanta, ya gyara mata zama. Da ya leƙa an jima, ƙwan da suka leƙo ta gefenta sai ƙyalli suke da maiƙo.

Bayan kwana kaɗan fatar ƙirjinta ta yi ja, ta tashi, ta fara saɓulewa. Ƙwarin da ya kashe kuwa sai ka ce gayyato 'yan'uwansu suka yi, don da gari ya waye sai ya ga sababbi. Wake ba ta tashi daga kan ƙwan ba. Ko tsaki sai ya kai mata har baki. Lokacin ƙyanƙyasa ya zo, ya riƙa kara kunne a bakin akurki ko zai ji ɗan kuka. Shiru. Lokacin ya wuce. Ya ce wataƙila shi ne ya ɓata lissafi.

Wata safiya, bayan an kwana ana yayyafi, ya tarar da ita ta kifa kai a gefen sakainar, fukafukanta a baje kan ƙwan, ta sandare. Ko wuƙa bai samu ya sa mata ba. Ya ɗauki ƙwai guda ya girgiza a kunne, ya ji ruwa na ƙugi a ciki. Ya fasa, wari ya buge shi. Duk bara-gurbi ne. A cikin wani har ya ga ɗan tsakon ya fara zama halitta, da ɗan bakinsa, ya tsaya a nan.

Ya binne ta da ƙwanta a rami guda. Ranar bai je gona ba. Ya zauna a gindin rumbu har rana ta take, yana jin maganar nan tana dawo masa, "Kai za ka kai da hannunka."

Abin da ya rage a gidan zakara ne guda da budurwar nan da ya kora daga murhu. Ita ce ta fi daɗewa da lafiyarta, amma yanzu ita ma wuyanta ya zama tsirara, ta daina kiwo, sai ta je bakin ƙyauren ɗakin girki ta takure. Da zakaran ya fara sauke fukafukai, Gwadabe ya yi maza ya yanka shi kafin ya zama mushe, ya kai gidan yayansa, ya miƙa daga zaure ya ce a sa a miya.

Kashegari da sassafe sai ga sallama a ƙofar gida. Fulera ce, ta dogaro sanda, don ciwon gwiwa ya daɗe da hana ta fita, rabonta da gidan tun zaman makoki. Tsohuwa ce mai baki, kuma tun tana amarya take tsokanar ƙanen mijinta.

"Kai mijina, zakara ka kawo min jiya ko buhun kwarkwata? Na zuba ruwan zafi zan fige, sai da na canza zane. Ina sauran kajin Saude?"

Ya kau da kai.

"Ina Wake?"

Ya nuna bayan gida da haɓa. Fulera ta bar wasan nan take. Ta ja ƙafa zuwa akurkin, ta sunkuya da ƙyar, ta shinshina.

"Warin me nake ji? Kananzir?"

Ya faɗa mata duk yadda aka yi. Ta riƙe baki.

"Wayyo Gwadabe. Ƙwan kwanci ko da hannun miya ba a taɓa shi, ba ya son maiƙo. Kai kuma ka yi masa wanka." Ta goga yatsa cikin wata tsagar bangon akurkin, ta nuna masa, yatsan ya yi ja. "Ka gani? Jininsu ne. Nan ciki ƙwarin ke ɓuya da rana. Ko ka kashe na jikinta, na bango suna nan suna jira. Me ya hana ka tambaye ni? Kullum kana zaurenmu kana lashe min kwano."

"Kunya na ji."

"Kunya. To ga ta nan ta ci kaji."

Ta zagaya ƙarƙashin rumbu, inda akwai wani ɗan kwari mai faɗin faifai. Ruwan sama ya daddaɓe shi ya yi tauri, har ciyawa ta fara fitowa. Ta caka sandarta a ciki.

"Yaushe rabon da a zuba toka a nan?"

"Toka?"

Ta juyo ta dube shi, ta daɗe tana kallon sa.

"Shekara da shekaru kana kwana kana tashi a gidan nan, ba ka taɓa ganin abin da matarka ke yi da safe ba?"

Ya gani mana. Kowace safiya, kafin ta hura wuta, Saude kan kwashe tokar jiya a kasko, ta ɗauki tsohuwar rariya, ta nufi gindin rumbu, kaji na bin ta a guje. Shi yana kan buzu yana lazimi, ko yana wasa fartanya. Duk zamansu ya ɗauka shara take zubarwa.

"Wankansu ke nan," in ji Fulera, muryarta ta yi ƙasa. "Su yi birgima a ciki, ta shiga har fata, ƙwaro ba ya iya zama. Ranar da wuta ta mutu a gidan nan, ranar aka fara kashe su. Ba kai kaɗai ba, har ni da ban tuna ba."

Gwadabe ya juya ya dubi ɗakin girkin. Ga budurwar kazar can a takure jikin ƙyauren da ya tokare da turmi, ta sa baki a wata 'yar kafa tsakanin karare. Ya tuna takalmin da ya jefe ta da shi.

"Bari in koma in kwaso ta gidana," in ji Fulera. "Da gwiwar nan dai sai an yi haƙuri da ni."

"Bari, Fulera. Akwai toka a gidan nan."

Ya je ya janye turmin, ya ɗage ƙyauren. Komai na nan yadda yake, muciya, guntun itace, har da shatin tafin hannunsa a kan tokar inda ya lallaɓa ta. Fulera ta leƙo ta bayan kafaɗarsa, ta ga shatin, ta gane. Ta ja da baya ta ba shi wuri. Ya durƙusa da kasko, ya kwashe tokar tas, har sai da ƙasan murhun ya fito baƙi.

Fulera ta zauna a kan turmi ta tankaɗe ta, ta kama kazar ta riƙe ƙafafunta, ta riƙa cusa tokar da yatsu cikin gashin, wuya, ƙirji, ƙarƙashin fukafukai, gindin wutsiya. Ta sa ya nemo man kaɗanya a ɗakin marigayiya, ta shafe mata ƙafafun da suka yi kirci. Ta sa ya kwashe duk shimfiɗar akurkin ya ƙone, ya cusa karan dawa a ciki ya babbake bangon, bayan ya jiƙa gefen da ke kallon rumbu. Ta ce in ya huce ya kwaɓa ƙasa ya toshe kowace tsaga. Sauran tokar suka zuba a kwarin nan bayan ya sassare shi da fartanya. Suna sakin kazar ta taka a hankali, ta shiga, ta kwanta, ta fara watsawa da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Wannan tokar ba za ta kai ko'ina ba," in ji Fulera. "Kullum take so. In ka zo cin tuwo ka riƙa tahowa da ƙwarya."

"In ratsa gari da ƙwaryar toka a ka?"

"To zauna nan, kunya ta ƙarasa maka ita."

Bai je da ƙwarya ba. Da yamma ya tattaro karare da itace, ya shiga ɗakin girkin, ya durƙusa inda Saude ke durƙusawa. Bai iya jera itacen ba, ya cika shi da yawa, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin. Ya yi ta busawa yana tari, hawaye na zuba, ya bar su suna zuba tun da akwai hayaƙin da za a ɗora wa laifi. Da wutar ta kama, ya rasa abin da zai ɗora, sai ya ɗora ruwa a tukunyar kununta ya zauna yana kallo har ya tafasa.

Maƙwabta suka ga hayaƙi. A masallaci wani ya ce, "Malam Gwadabe, amarya aka yi ba a gayyace mu ba?" Ya yi murmushi kawai. Kullum da yamma ya hura wuta, kullum da safe ya kwashe, ya tankaɗe, ya kai gindin rumbu. Sannu a hankali kazar ta fara kiwo. Ɓawon ƙafarta ya zube. Wasu ƙananan gashi suka fara tsirowa a wuyanta kamar ƙaya.

Ana cikin cirar gyaɗa aka aiko da goro daga Kibiya, an sauka lafiya, mace. Ranar suna Gwadabe ya yi sammako, ya sa rigarsa ta salla, ya sa kazar a kwando ya rufe da tsumma, ya bi hanya ta gindin duwatsu. Da liman ya raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya ya ce sunan yarinya Saude. Habu, mijin Lubabatu, shi ya yi wannan kara ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Gwadabe ya sunkuyar da kai yana ta murza goron da ke hannunsa.

Da maza suka ragu, uwar Habu, wata tsohuwa mai fara'a da ake kira Ramlatu, ta sa aka shigo da shi har ƙofar ɗakin mai jego. Ta fito da jaririyar ta ɗora masa a hannu.

"To Malam, ga matarka ta dawo. Sai ka sake sabon lefe, ba ma karɓar tsohon zane."

Mata suka yi shewa. Ya dubi 'yar fuskar, ya yi mata addu'a, ya tofa, ya miƙa. Lubabatu na zaune daga ciki a bakin gado, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta gaishe shi, ya amsa yana kallon dokin ƙofa. Sannan ya jawo kwandon, ya buɗe, ya tura shi ciki.

"Uwarki ce ta ce a kawo."

Wata daga cikin matan ta leƙa ta ce, "Wannan kuma wace irin kaza ce, wuya kamar na ungulu?" Ramlatu ta harare ta, ta kaɗa su duka suka koma tsakar gida.

Lubabatu ta ɗauko kazar ta ɗora a cinya. Ta shafa ɗigo-ɗigon bayanta.

"Baba, ba Wake ba ce."

"'Yarta ce. Wake ce uwarki ta ce a kawo. Ban iya riƙe ta ba."

Ta ci gaba da shafawa. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Da za ta faɗa, yaya ta ce? Ta kira sunana?"

Gwadabe ya so ya ce e. Kalmar ta zo har bakinsa.

"Cewa ta yi, in ta Kibiya ta sauka."

Lubabatu ta yi wata 'yar dariya wadda ta karye a tsakiya. "Inna ke nan," ta ce. Ta sunkuya ta kifa fuskarta a bayan kazar, kafaɗunta na rawa. Da ta ɗago, toka ta ɗan shafe ta a kumatu. Ta taɓa wurin, ta dubi yatsanta.

"Wa ke hura wuta a gidan, Baba?"

"Ni."

Ya miƙe ya kakkaɓe riga. Har ya juya, sai ya tsaya.

"Ki riƙa zuba mata toka. Kullum da safe. A tankaɗe."

"Na sani, Baba. Ni nake riƙe wa Inna rariya."

Ya iso Zinyau da la'asar sakaliya, da kwando babu komai. Ya yi sallama a ƙofar gida kamar yadda ya saba, ya shiga. Ya cire rigar salla ya rataye, ya tattaro karare ya hura wuta, ya ɗora ruwa.

Da gari ya waye ya kwashe tokar a kasko, ya ɗauki rariya, ya nufi gindin rumbu. Sai da ya tankaɗe rabi sannan ya lura babu abin da ya biyo shi. Ya tsaya da rariyar a hannu, yana kallon ɗan kwarin, ga shatin birgimar kazar, ga gashi guda mai ɗigon fari da baƙi a gefe. Ya ƙarasa tankaɗe sauran a hankali, ya buga rariyar a dutsen rumbu, ya mayar da ita inda Saude ke rataye ta.